Amurka: kokowar tsofaffin sojoji don wanke takardar sallama

A ƙasar Amurka, duk sojan da ya tuɓe kaki ana miƙa masa takarda wadda ke faɗin irin fitar da ya yi daga aiki: ko da girma ya fita, ko kuwa korarsa aka yi. Ƴan kalmomi ne ake bugawa a wani ɗan gurbi na takardar, amma su ne ke yanke ko mutum zai samu magani da kuɗin karatu, ko kuwa zai ƙare kwanakinsa yana ɓoye ma ɗiyansa cewa ya taɓa ɗaukar bindiga domin ƙasarsa. Tun shekara ta 1944 doka ta buɗe ƙofar neman gyara. Sai dai ƙofa ce mai nauyin turawa, kuma tarihi ya nuna sau da yawa ba ta buɗuwa sai mai ƙwanƙwasa ta ya riga ya kwanta dama.

Sallama hawa biyar

Takardar da ake magana a kanta ana ce mata DD-214, kuma tun farkon shekara ta 1950 rundunonin Amurka ke ba da ita. A cikinta akwai ranar shiga aiki da ranar fita, da muƙami, da lambobin yabo, da tsawon lokacin da soja ya yi a ƙasashen waje. Amma idon mai ɗaukar ma'aikata, ko na ma'aikacin gwamnati, gurbi na 24 yake fara nema, inda aka rubuta matsayin sallamar.

Matsayin nan hawa biyar ne. Na sama shi ne sallamar girma, wadda mafi yawan sojoji ke fita da ita. Daga ita sai ta tsaka-tsaki, mai nufin aikin mutum ya gamsar amma da ƴan kurakurai. Ta uku ita ce wadda ake kira « ba ta girma ba », kuma a kanta ne mafi yawan rigimar take. Biyun ƙarshe, wato sallamar mugun hali da sallamar ƙasƙanci, kotun soja kaɗai ke da ikon yanke su bayan shari'a. Ta ƙasƙancin ma sai babbar kotun soja, a kan manyan laifuffuka irin su kisan kai.

Abin lura a nan shi ne ukun farko ba alƙali ke yanke su ba. Sha'ani ne na kwamandoji da na ofis. Sojan da bai cika shekara 6 yana aiki ba ana iya ba shi ta tsaka-tsaki ta hanyar sanarwa a rubuce, ba tare da an zauna an saurare shi ba. Wanda za a ba ta ukun yana da haƙƙin bayyana gaban wani kwamitin hafsoshi, amma da yawa kan sa hannu su yafe wannan haƙƙi, musamman idan an nuna musu cewa zaɓi biyu ne ke gabansu: ko su karɓi takardar su koma gida, ko su fuskanci kotu da yiwuwar gidan kaso. Saurayi ɗan shekara 20 wanda ya gaji, yana marmarin gida, ba ya tsayawa lissafin abin da sa hannun nan zai jawo masa ranar da ya kai 50. Ga kuma wata tsohuwar jita-jita da ta ƙi mutuwa a barikoki, wai bayan wata 6 mummunar takarda kan juye da kanta ta zama ta girma. Babu dokar da ta faɗi haka. Takarda ba ta canzawa sai an nema, kuma sai an yarda.

Abin da mai tabo ke rasawa

Gwamnatin Amurka na da ma'aikata sukutum ta kula da tsofaffin sojoji, mai asibitocinta na kanta. Ita ke biyan diyyar rauni, ita ke tsaya ma tsohon soja wajen samun bashin sayen gida, tana biyan kuɗin karatunsa na jami'a, kuma in ya rasu ta ba shi kushewa a maƙabartar ƙasa. A ƙasar da kwanciya asibiti ta ƴan kwanaki ke iya cinye abin da mutum ya tara shekara da shekaru, wannan gata ba abin wasa ba ne.

Mai sallamar tsaka-tsaki na samun mafi yawan waɗannan, amma kuɗin karatu sun wuce shi, domin doka ta keɓe su ga mai sallamar girma. Mai ta uku kuwa sai ma'aikatar ta duba dosiyensa ta ga ko ya cancanci a kira shi tsohon soja a idon doka, kuma akwai laifuffukan da ke rufe ƙofar tun daga farko, kamar barin bakin aiki na kwana 180 a jere ba da izini ba, in babu uzuri mai ƙarfi. Mai ta ƙasƙanci shi ya fi kowa asara, har doka ta hana shi mallakar bindiga.

A shekara ta 2016, wani rahoto da lauyoyin jami'ar Harvard suka shirya tare da ƙungiyoyi biyu masu kare tsofaffin sojoji ya ƙiyasta cewa mutum wajen dubu 125 daga cikin waɗanda suka yi aiki bayan 2001 ba su da damar samun wannan kulawa. Kashi 6 da rabi ke nan cikin 100, alhali a zamanin yaƙin duniya na biyu waɗanda aka hana ba su kai kashi 2 ba. A watan Yuni na 2024 ma'aikatar ta sassauta ƙa'idojinta, ta yarda ta riƙa duba uzurin da ya sa mutum ya aikata laifin. Amma ko ta buɗe ma mutum asibitinta, ba ta da ikon taɓa abin da aka rubuta a gurbi na 24. Wannan aikin rundunar da ta sallame shi ne. Shi ya sa ake samun tsofaffi waɗanda ba kuɗi suke nema ba, waɗanda suka riga suka yi arziki ko suka haƙura da talauci, amma suna ta aika wasiƙu. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma linzamin nan ne suke so a cire musu daga baki kafin jikoki su tarar da takardar a cikin akwati.

Daga Brownsville zuwa shuɗiyar takarda

Dalilin da ya sa aka kafa hanyar neman gyara yana cikin tarihin zaluncin da aka yi da takardar kanta. A daren 13 ga watan Agusta na 1906 an yi harbe-harbe a garin Brownsville na jihar Teksas, aka kashe wani mai sayar da giya, aka raunata ɗan sanda guda. Turawan garin suka ɗora laifin a kan sojoji baƙaƙen fata na runduna ta 25 da aka kawo barikin garin makwanni kaɗan kafin nan. Hafsoshinsu, waɗanda Turawa ne, sun ce mutanensu na cikin bariki lokacin da abin ya auku, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da za a gurfanar ba. Duk da haka shugaba Theodore Roosevelt ya ba da umurnin a kori mutum 167 ba tare da girma ba, wai sun haɗa baki sun ƙi fallasa masu laifi. A cikinsu akwai sarjan Mingo Sanders, wanda ya yi shekara 26 yana aiki, ya yi yaƙi a Kuba, ya rasa fanshonsa ana dab da ba shi.

A 1910 an ba mutum 14 damar komawa bakin aiki, sauran kuwa aka manta da su. Sai a 1970 wani marubuci, John Weaver, ya fitar da littafi yana warware shaidun ɗaya bayan ɗaya, ɗan majalisa Augustus Hawkins ya ɗauki maganar, a 1972 rundunar sojan ƙasa ta maida sallamar dukansu ta girma. Shekara 66 ke nan bayan korar. Daga cikin waɗanda ba a maida aiki ba, mutum guda ne ya rage da rai, Dorsie Willis, wanda ya kwashe rayuwarsa yana goge takalma a birnin Minneapolis. Yana ɗan shekara 87 aka miƙa masa sabuwar takardar a 1973, majalisa ta ba shi dalar Amurka dubu 25, ya rasu a 1977.

Lokacin yaƙin duniya na biyu abin ya ɗauki wani salo. Akwai wata sallama da ake bugawa a kan shuɗiyar takarda, wadda a rubuce ba ta girma ba ce ba kuma ta ƙasƙanci ba, kuma kwamanda na iya ba da ita ba tare da shari'a ba. Tsakanin watan Disamba na 1941 da watan Yuni na 1945 sojan ƙasa ya ba da irinta dubu 48 da 603. Dubu 10 da 806 daga ciki baƙaƙen fata aka ba, fiye da kashi 22 cikin 100, alhali rabonsu a rundunar bai wuce kashi 6 da rabi ba. Ko daga nesa aka hangi launin takardar an san me take nufi, masu ɗaukar aiki kuma sai su juya baya. Jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta tashi haiƙan a kan maganar a 1945, wani kwamitin majalisa ya yi Allah wadai da tsarin a farkon 1946, aka soke shi a 1947. Sai dai soke tsarin bai canza takardun da ke hannun mutane ba. Kowa sai ya je ya nemi gyaran tasa.

Ƙofofi biyu

A da, wanda aka zalunta ba shi da hanya sai ya samu ɗan majalisa ya gabatar da doka ta musamman da sunansa shi kaɗai. Dokar tsofaffin sojoji ta 1944 ce ta umurci kowace runduna ta kafa kwamitin duba sallama, wata doka ta 1946 kuma ta kafa hukumomin gyaran takardun soja. Su ne ƙofofi biyun da ake bi har yanzu.

Kwamitin duba sallama shi ne ƙofar farko ga wanda bai wuce shekara 15 da fita ba. Ana cika takarda mai lamba 293, ba a biyan ko sisi. Tambayoyi biyu kwamitin ke yi. Ta farko: an bi doka da ƙa'ida wajen sallamar? Ta biyu: ko da an bi doka, an yi adalci? A ƙarƙashin ta biyun ne ake kawo hujjoji irin su cewa laifi guda ne a cikin shekaru na aiki mai kyau, ko hukuncin ya fi laifin girma, ko kuma ƙa'idar da aka kori mutum da ita an riga an soke ta. Mai nema na iya cewa a duba takardunsa kawai, ko ya nemi bayyana da kansa. Lauyoyi kan ba da shawarar a fara da takardu, domin in an ƙi, damar bayyana na nan. Kwamitin ba shi da ikon ƙara munana takardar mutum, saboda haka mai nema ba ya asarar komai sai lokacinsa. Amma ba ya taɓa hukuncin babbar kotun soja.

Wanda ya wuce shekara 15, ko wanda kwamitin ya ƙi, ko wanda babbar kotu ta kora, sai ya nufi hukumar gyaran takardu da takarda mai lamba 149. Manyan ma'aikata farar hula ne ke zama a cikinta, kuma ikonta ya fi faɗi. Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da mutum ya gano kuskure ko zaluncin, amma hukumar na iya ɗauke wannan wa'adi in adalci ya buƙata. Ba safai take kiran mutum ya bayyana ba. Abin da ya rubuta shi ne bakinsa. In mai takardar ya rasu, matarsa ko magadansa na iya nema a madadinsa. Tun 2021 an ƙara wani kwamitin ɗaukaka ƙara na ma'aikatar tsaro, amma na waɗanda aka sallama daga 20 ga Disamba 2019 ne kaɗai. Bayan duk wannan sai kotun tarayya, cikin shekara 6.

A rubuce hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Wahalar tana cikin wata ƙa'ida da ke cewa duk abin da gwamnati ta yi ana ɗaukarsa daidai ne har sai an kawo hujjar akasin haka. Ke nan nauyin yana wuyan tsohon soja: shi zai nemo dosiyensa na aiki da na likita, ya nemo abokan da suka ga abin da ya auku, ya kawo shaidar irin rayuwar da ya yi bayan fita. Ga tsofaffin da suka fi daɗewa ma akwai wata masifar daban. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun soja da ke kusa da birnin Saint-Louis na jihar Misuri, ta cinye dosiye tsakanin miliyan 16 da 18, ciki har da wajen kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Wanda dosiyensa ya zama toka, da me zai ƙaryata abin da aka rubuta a kansa?

Ciwon da ido ba ya gani

Babban canjin da aka samu a ƴan shekarun nan ya taso ne daga fahimtar cewa abin da kwamanda ke gani a matsayin taurin kai, sau da yawa ciwo ne. Sojan da ya ga abokinsa ya tarwatse a gabansa na iya komawa bariki ya kasa barci, ya faɗa shan giya ko ƙwaya don ya samu rintsawa, ya makara a fareti, ya ɗaga ma na gaba da shi murya, wata rana kuma ya ɓace. Kowane ɗaya daga waɗannan laifi ne a dokar soja. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su sa wannan ciwon firgita, wanda suke taƙaitawa da PTSD, cikin littafinsu na cututtuka ba sai a 1980, shekara 5 bayan ƙarewar yaƙin Biyetnam. Saboda haka waɗanda aka kora a lokacin yaƙin ba yadda za a yi a samu sunan ciwon a dosiyensu, hukumomin gyara kuma suka yi shekaru suna ƙin buƙatunsu da hujjar cewa dosiye bai nuna ciwo ba.

A watan Maris na 2014, wani tsohon sojan kundumbala da ya yi yaƙin Biyetnam, Conley Monk, tare da wasu abokansa, suka kai ƙarar rundunonin da taimakon malamai da ɗaliban shari'a na jami'ar Yale. Ranar 3 ga Satumba na shekarar, ministan tsaro Chuck Hagel, wanda shi kansa ya yi yaƙin Biyetnam yana sarjan, ya fitar da takardar umurni cewa a riƙa duba irin waɗannan buƙatu da sassauci. Bisa lissafin lauyoyin na Yale, a 2013 buƙatun masu wannan ciwo da hukumar sojan ƙasa ta amince da su ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Bayan umurnin sai suka haura zuwa kashi 45. Dosiyoyin ba su canza ba. Idon masu karanta su ne ya canza.

Matsalar ba ta tsaya ga Biyetnam ba. A watan Mayu na 2017 ofishin binciken kuɗi da ayyuka na majalisar dokokin Amurka ya bayyana cewa daga 2011 zuwa 2015 an kori sojoji dubu 91 da 764 saboda rashin ɗa'a, kuma kashi 62 cikin 100 nasu likita ya riga ya same su da ciwon firgita, ko raunin ƙwaƙwalwa, ko wani ciwo mai kama da su, cikin shekara biyu kafin korar. Fiye da dubu 13 daga cikin marasa lafiyar nan sallamar « ba ta girma ba » aka ba su, wato wadda ke iya raba su da asibitin da zai yi musu magani. An bar jaki ana dukan taiki.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2017 wata takardar umurni ta biyu, mai ɗauke da sa hannun Anthony Kurta, ta faɗaɗa sassaucin ya haɗa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da waɗanda aka yi ma fyaɗe ko cin zarafi a bakin aiki. Ta ba kwamitocin tambayoyi huɗu: shin akwai ciwo ko wani abin da ya samu mai nema wanda zai iya zama uzuri? A lokacin aikin soja ya same shi? Da gaske yana da alaƙa da laifin? Nauyinsa ya rinjayi laifin? Ta kuma ce maganar mai nema ita kaɗai na iya zama hujja, ko babu takardar likita ta wancan lokaci. A 2018 aka ƙara umurni na uku, wanda ya ce a yi la'akari da tuba da kyakkyawar rayuwar da mutum ya yi bayan fita.

Amma umurni daban, aiki da shi daban. Masu ƙarar da aka shigar a kan sojan ruwa sun nuna cewa a 2017, yayin da sojan ƙasa da na sama ke amincewa da kusan rabin irin waɗannan buƙatu, na ruwa bai wuce kashi 16 cikin 100 ba. Sai da aka sake komawa kotu. A watan Afrilu na 2021 sojan ƙasa ya amince zai sake duba dubban buƙatun da ya ƙi tun daga 2011, zai kuma bari a riƙa sauraren mutane ta wayar tarho, domin a da wanda ke son bayyana sai ya biya kuɗin tafiya yankin Washinton daga aljihunsa. Sojan ruwa ya bi sahu a watan Fabrairu na 2022.

In hukuma ta buɗe dosiye da kanta

Akwai misali guda da ke nuna yawan mutanen da ke da gaskiya amma ba su taɓa nema ba. Daga 1994 zuwa 2011 Amurka ta yi aiki da wata doka mai laƙabin « kar a tambaya, kar a faɗa », wadda a ƙarƙashinta aka sallami sojoji fiye da dubu 13 saboda neman jinsinsu. Bayan soke dokar, waɗanda ba su samu cikakkiyar sallamar girma ba an bar su su nemi gyara da kansu, da yawa kuma ba su nema ba. A watan Satumba na 2023 ma'aikatar tsaro ta ce za ta ɗauko dosiyoyin ita da kanta. A watan Oktoba na 2024 ta bayyana sakamako: cikin 851 da aka duba, fiye da 800 an maida su na girma. Waɗannan mutane sun yi fiye da shekara 10 da haƙƙinsu a ajiye, ba abin da ya raba su da shi sai rashin sani, ko kunya, ko gajiya da ofis.

A cikin wannan tsakani ne kuma aka waiwayi wasu tsofaffin shari'o'i biyu. A watan Agusta na 1917, bayan ƴan sandan birnin Houston sun lakaɗa ma wasu sojoji baƙaƙen fata duka, abokansu suka fita da makamai, aka yi asarar rayuka. Kotunan soja suka samu mutum 110 da laifi, aka rataye 19. A shari'ar farko mutum 63 ne aka gurfanar tare, hafsa guda ke kare su duka, kuma 13 na farko an rataye su kafin wata hukuma ta sama ta duba hukuncin. A watan Nuwamba na 2023, bisa shawarar hukumar gyaran takardu, sojan ƙasa ya soke hukuncin duka 110, ya maida sallamarsu ta girma, bayan shekara 106.

Ta biyu ita ce ta Port Chicago a Kaliforniya, inda makamai suka fashe ranar 17 ga Yuli 1944, mutum 320 suka mutu, 202 daga cikinsu baƙaƙen fata masu lodin jiragen ruwa. Da aka umurci waɗanda suka tsira su koma lodi ba tare da an canza komai ba, 258 suka ƙi. Aka yanke ma 50 hukuncin tawaye, sauran aka hukunta su a ƙaramar kotu. A 1999 shugaba Bill Clinton ya yi ma ɗaya daga cikinsu, Freddie Meeks, afuwa, amma cikin ƴan kaɗan da suka rage akwai wanda ya ƙi neman ta, domin a ganinsa mai laifi ake yi ma afuwa. Wankewa ta gaskiya ba ta zo ba sai ranar 17 ga Yuli 2024, lokacin da ministan sojan ruwa Carlos Del Toro ya wanke mutum 256. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rage ya ji da kunnensa.

Afuwa daban, wankewa daban

Wannan bambanci tsakanin afuwa da wankewa ba baƙo ba ne ga ƙasashen da Faransa ta mulka, inda har yanzu gidaje da dama ke adana littafin soja na kakansu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, waɗanda ke neman a biya su kuɗinsu. Rahoton lokacin ya ce 35 suka mutu, a 2014 shugaba François Hollande ya ambaci 70, masana tarihi da dama kuma na ganin adadin ya fi haka nesa. A watan Maris na 1945 kotun soja ta ɗaure 34 daga cikin waɗanda suka tsira, daga shekara 1 zuwa 10. An yi musu afuwa an sake su a 1947, amma ba a soke hukuncin ba. A watan Nuwamba na 2024 shugaba Emmanuel Macron ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne aka yi, sai dai har aka yi bikin cika shekara 80 ba a sake shari'ar mutanen 34 ba.

A wannan fuska tsarin Amurka na da abin da ya fi: akwai ofishi sananne, da takardar cikawa, da wa'adi, inda ƙaramin soja ko jikansa ke iya tilasta ma runduna ta sake karanta abin da ta rubuta. Doka ma ta ce hukumomin gyara su gama kashi 90 cikin 100 na buƙatu cikin wata 10, sauran kuma kar su wuce wata 18. Rauninsa shi ne ya ɗora kayan a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗauka: marar lafiya, marar lauya, wani lokaci marar matsuguni, shi ake jira ya tattara hujja a kan rundunar da ke riƙe da dosiyensa. Duk lokacin da aka samu babban gyara, daga Brownsville har zuwa 2024, sai da wani ya tura daga waje, ko marubuci, ko jarida, ko ɗan majalisa, ko ɗaliban shari'a.

Ana cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma gaskiya ne ya faɗo ma mutanen Houston da na Port Chicago. Amma a hannun jikoki ya faɗo. Waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam yau sun haura shekara 70, na Iraƙi da Afganistan kuma da yawansu wa'adin shekara 15 na ƙofar farko ya riga ya wuce su, saura yana gab da wucewa. Ga waɗannan, kowace shekara da dosiye ya yi a kan tebur shekara ce ta rashin magani, kuma takardar girma da aka kai ma mutum a kushewa ba ta sayen ƙwayar magani ko guda.